Ƙoƙon Kai a Littafin Yaro: Abin da Na Gano a Rumfar Wani Mai Fenti a Dakata

Iyaye, musamman ke uwa, bari in fara da tambaya. A ce kin buɗe jakar makarantar ɗanki kina neman littafin lissafi, sai kika tarar ya cika shafi bayan shafi da zanen ƙoƙon kan mutum, ga ramukan ido biyu, ga haƙora a jere. Me za ki fara yi?

Yayata dai ba ta tsaya wani dogon tunani ba. Ta yayyaga littafin, sannan ta bugo mini waya ina bakin aiki, muryarta na rawa. "Idan kin tashi ki biyo ki ga abin da ɗanki yake yi," in ji ta. Yaron shekararsa 13, a Dakata suke zaune. Kafin in isa gidan ta riga ta gama lissafinta: ko dai ya fara bin 'yan daba, ko an jefa shi ƙungiyar asiri, ko kuma ya soma shaye-shaye. Ban ga laifinta ba, domin duk mai ɗa namiji a Kano ta san irin wannan fargaba.

Na tattara yagaggun takardun na shimfiɗa su a kan tabarma. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne zanen ya yi daidai. Ƙashin kumatu yana inda ya kamata, muƙamuƙi ya haɗu da kai ta gaban kunne kamar yadda Allah ya halitta shi. Lokacin da nake makarantar koyon aikin jinya na sha wuya kafin in iya zana wannan. Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, Oga ne." Ashe watanni kusan huɗu ke nan idan ya taso daga makaranta sai ya ratse rumfar wani mai fenti kafin lokacin Islamiyya. Ranar Asabar na ce ya raka ni.

Rumfar Oga

Wanda ya san Dakata ya san unguwa ce da ke maƙwabtaka da Bompai, ɗaya daga cikin yankunan masana'antu na Kano tare da Sharaɗa da Challawa. Kamfanoni da yawa a waɗannan wurare sun rufe tun shekarun baya saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje, amma hannun mutane bai mutu ba. Ko'ina ka juya za ka ga masu walda, da kafintoci, da makanikai, da masu gyaran jikin mota, da masu fenti.

Rumfar da muka je ta kwano ce, an kewaye gefe uku. A ƙofarta akwai A Daidaita Sahu guda biyu suna jiran a yi musu ado. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, waɗannan kekuna masu ruwan ɗorawa suka cika gari, kuma kowane direba yana son a gane tasa daga nesa. Wani ya sa a zana masa fure, wani dagi, wani tambarin ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, wani kuma karin magana, kamar yadda aka daɗe ana rubuta wa manyan motoci: haƙuri maganin zaman duniya.

Ogan matashi ne, bai fi ni shekaru ba. Da ya ji aikina sai ya koma kirana Sista. Ya nuna mini babbar bindigar feshi da ake fente jikin mota da ita, sannan ya warware wani tsumma ya fito da wata ƙarama, girmanta bai wuce alƙalami ba, da ɗan kofi a samanta, da siririn tiyo da ya haɗa ta da injin iska. Turawa na kiranta eyaburosh, wato burushin iska. A cikinta akwai doguwar allura. Idan ka danna maɓalli iska ta fito, idan ka ja shi baya allurar ta matsa, fenti ya biyo iskar ya tarwatse kamar hazo. Ka kawo ta kusa ta ja layi siriri kamar gashi, ka ja da baya ta zuba inuwa mai laushi wadda burushi ba zai iya ba. Wani Ba'amurke mai suna Abner Peeler yana cikin waɗanda suka fara ƙera irinta, a 1879, kuma shekaru da dama da ita ake gyara hotuna da zana tallace-tallace kafin zuwan kwamfuta.

Na tsaya ina kallo ya zana idon doki a kan wani guntun langa-langa cikin 'yan mintuna, har da ƙyallin haske a ƙwayar idon. Gaskiya ce, na yi mamaki. Ya ce sitika da bugun kwamfuta sun cinye musu kasuwar allunan shaguna, don haka ya koma aikin da inji ba ya yi: hular kwano, tankin babur, bangon makarantun yara, da kayan wasa.

Me ya kawo ƙoƙon kai?

Na tambaye shi kai tsaye. Ya yi dariya ya ce samari masu manyan babura ne ke nema, a intanet suke gani. Amma ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai: duk yaron da yake son ya iya zana fuska, sai ya fara sanin ƙashin da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa ya ba ɗan namu wannan aikin ya yi ta maimaitawa.

A nan ba zan iya musa masa ba. Ƙoƙon kan babban mutum ƙasusuwa 22 ne, 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska. Maɗigar da kike shafawa a kan jaririnki wuri ne da ƙasusuwan ba su gama haɗuwa ba, kuma yawanci tana rufewa ne wajen wata 18. Mu da muke aikin asibiti ta hanyar zane muka fara sanin duk wannan. Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan na Italiya, ya zana ƙoƙon kai dalla-dalla a 1489. A 1543 wani likita mai suna Andreas Vesalius ya wallafa littafin sassan jikin ɗan Adam cike da zane-zane, littafin da ya sauya yadda ake koyar da likitanci a Turai. Har gobe akwai mutanen da sana'arsu ke nan, zana sassan jiki domin littattafan likitoci.

A wasu ƙasashen kuma al'ada ce. A Meziko, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba suna bikin tunawa da mamatansu, inda suke yin ƙoƙon kai na sukari su yi masa ado da launuka. Wani mai zanensu, José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, ya yi suna da zana ƙwarangwal sanye da hular masu kuɗi, yana nuna cewa attajiri da talaka makomarsu ɗaya. Da yawa daga cikin zane-zanen da samarinmu ke kwafowa daga waya sun samo asali ne daga can, ko da su ba su sani ba. Al'adarsu ce, ba tamu ba, kuma ba na cewa mu ɗauka. Abin da nake cewa shi ne zanen ƙoƙon kai shi kaɗai ba shaida ba ce cewa yaro ya lalace. Ki dubi sallarsa, da abokansa, da barcinsa, da idanunsa, da kuɗin da ke shiga aljihunsa. Waɗannan ne ke faɗin gaskiya.

Na san wasu za su kawo batun zana abu mai rai. Wannan fage ne na malamai, kuma ya kamata kowane gida ya tambayi malamin da ya amince da shi. Sai dai mu tuna, ko an ajiye zanen mutum da dabba gefe, Bahaushe yana da zayyanar allo, da dagi, da adon bangon soro, da aikin babbar riga, da zanen ƙwarya, da lalle. Duk hannu da ido suke buƙata.

Inda na ƙi yarda

A kan wani benci a rumfar na ga kayan wasa a jere. Motocin gwangwani da na langa-langa waɗanda yaran unguwa ke ƙerawa da kansu, da tayoyin silifa, da wasu motocin roba na kasuwa da fentinsu ya koɗe. Yara kan kawo, shi kuma ya fesa musu ragowar fenti, musamman gab da Sallah. Sun yi kyau ƙwarai. Biyu daga ciki an zana musu ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye a ƙofa.

A nan na ce masa a'a, kuma ina da dalili. Wannan alama ita ce duniya ta amince a riƙa sakawa a kan guba mai kisa. Ki ɗauko kwalbar maganin ƙwari na gona mai ƙarfi ki duba, za ki gan ta tare da jan layi a ƙasan takardar. A gidajenmu da yawa ita ce kaɗai gargaɗin da yaron da bai iya karatu ba zai gane. A ɗakin yara na asibiti mun sha karɓar waɗanda suka sha fiya-fiya ko kananzir da aka ɗura a robar lemo, kuma ba duka ne suke komawa gida ba. To idan yaro ya saba ganin alamar a jikin motarsa ta wasa, ranar da ya gan ta a kwalba me zai hana ya ɗauka abin wasa ne?

Ba ni na fara wannan tunanin ba. A birnin Pittsburgh na Amurka, likitocin yara sun lura ƙananan yara suna danganta alamar da 'yan fashin teku na tatsuniya da kuma ƙungiyar wasan garin, ba da guba ba. Dole ta sa a 1971 Dokta Richard Moriarty ya ƙirƙiro wata sabuwa, koriyar fuska mai yatsina da harshe a waje, domin a riƙa mannawa a kan magunguna. Mu ba mu da irin wannan madadi a gidajenmu. Wadda muke da ita, mu bar ta da kwarjininta.

Haɗarin da ba a gani

Amma fa abin da ya fi tayar mini da hankali ba zanen ba ne. Minti goma da shigata rumfar kaina ya fara sarawa. Ogan yana feshi da ƙyalle ɗaure a hanci, yara uku suna tsaye a bayansa babu komai a fuskarsu, ciki har da namu. Da ya tsaya sai na ji numfashinsa yana fita da ɗan fito, sautin da kunnena ya saba da shi a ɗakin masu ciwon ƙirji. Ya ce tarin ya fi damunsa da dare, kuma idan ya je ƙauye ya kwana biyu sai ya ji sauƙi. Na tambaye shi me yake yi a kai. Ya ce, "Sista, kullum idan na tashi sai na sha madara, tana wanke fentin."

'Yan'uwa, madara ba ta wanke huhu. Madara ciki take tafiya, hazon fenti kuwa ƙirji yake shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Wannan magana ta yaɗu a tsakanin masu fenti da masu walda, kuma tana sa su sakaci.

Abubuwa uku ne ya kamata ku sani. Na farko, tina da sauran ruwan da ake tsinka fenti da su suna tashi a iska, su jawo ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, kuma idan aka daɗe ana shaƙa suna taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Dangin sinadaran da ke cikin sholisho ne, don haka yaron da ya saba da warin yana iya fara nemansa.

Na biyu, fentin mota na zamani da ake haɗa shi da wani ruwa domin ya ƙame da ƙarfi yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake sahun gaba wajen haddasa asma ga ma'aikata. Alamarta ita ce wadda Oga ya faɗa da bakinsa: tari da fito da dare, sauƙi idan an bar wurin aiki. Idan jiki ya riga ya kamu, ko ɗan kaɗan aka shaƙa sai ciwon ya tashi. Ƙyalle ko takunkumin da muka saba sawa lokacin korona ba sa tare shi.

Na uku, kuma shi ne ya shafi kayan wasa, dalma. An daɗe ana zuba dalma a wasu fentin mai, musamman masu ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro, da jan fentin da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa. Ba ta da wari, kuma ido ba ya bambance fenti mai dalma da marar ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa. Tana kawo ƙarancin jini, da ciwon ciki, da yawan fushi, da daƙushewar fahimta wadda ba ta dawowa. Idan ta yi yawa sai jijjiga, sai mutuwa.

Mu 'yan Arewa mun ga aikinta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu. Can dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gida ya kawo ta, ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje da kayan wasa tun 1978, duk da haka a 2007 sai da aka janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwanni saboda an gano ta a fentinsu. Idan haka ta faru a inda ake gwaji, ina ga ragowar fentin da babu ko takarda a jikin gwangwaninsa?

Ina tsaye a wurin na tuna ƙanwar yaron, 'yar shekara biyu. Makonni biyu kafin nan na gan ta zaune a tsakar gida tana gwaguyar wata jar motar gwangwani, na ɗauka ta kasuwa ce. Muna komawa gida na karɓe ta.

Kada a kashe baiwar

Da sauƙi a ce kawai a hana yaron zuwa. Yayata ma abin da ta so ke nan. Amma yaron da aka yaga wa littafi bai daina zane ba, ɓoyewa kawai zai koya. Kuma wannan hannu abinci ne. A Zariya, a 1958, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma har yau jami'ar tana koyar da zane-zane da tsara kayan masana'antu. Mu da muka taso da littattafan soyayya na Kano mun san sau da yawa zanen bango ne yake sa mu miƙa kuɗi. Littattafan yara na Hausa har yanzu suna neman masu zane da suka san yadda zaure da murhu da kallabi suke.

Kayan wasan ma sana'a ce. A Legas, Taofick Okoya ya fara ƙera 'yan tsana masu baƙar fata da sunan Queens of Africa, ciki har da mai shigar Hausawa. Haneefah Adam daga Ilorin ta yi suna a duniya a 2016 saboda ɗinka wa 'yar tsana hijabi da doguwar riga tana saka hotunan a Instagram. A Amurka kamfanin Kidrobot yana sayar da farar 'yar tsana wadda babu komai a jikinta, domin mai saye ya zana abin da yake so. Yaranmu da ke ƙera motar kara da ta gwangwani sun riga su sanin wannan daɗin, jagora kawai suka rasa.

Abin da muka yanke

Mun zauna ni da Yaya da mijinta, daga baya baban yaron ya je ya sami Oga. Ga abin da muka tsayar, ko zai yi wa wani gidan amfani.

Yaron zai riƙa zuwa ranar Asabar kawai, da sanin iyayensa. Zai yi zane da fensir, ya yanka kwalin da ake ɗorawa a fitar da siffa, ya koyi rubutun allo. Idan aka tayar da injin feshi zai fita waje, kuma ba zai wanke hannu da tina ko fetur ba, sai ruwa da sabulu. Ba zai ci abinci a rumfar ba, kayan da ya je da su kuma a wanke su daban da na ƙannensa.

Duk abin wasan da zai shigo gida, da fentin ruwa irin na 'yan makaranta za a yi shi. Abin da aka fesa wa fentin mota ado ne, a ajiye shi a sama, kada ya kai hannun yaron da bai wuce sa abu a baki ba. Gwangwani mai kaifi a lanƙwashe bakinsa. Alamar guba kuma ba ta hawa kan abin wasa.

Shi kuwa Oga na ce masa ya je asibiti a gwada numfashinsa, ya buɗe ɗaya gefen rumfar iska ta riƙa ratsawa, ya nemi takunkumi mai matatar gawayi, ya riƙa canja matatar a kan kari. Na faɗa masa gaskiya cewa fentin mota mai haɗi biyu ko wannan bai wadatar ba, a ƙasashen da suka tsananta doka takunkumi mai jawo iska daga waje ake sawa. Ya sayi mai matatar. Ranar da na sake bi ta wurin na tarar da shi rataye a wuyansa, ya ce zafi ya yi yawa. Na tsaya har sai da ya mayar.

Idan ɗanki ya daɗe yana wasa da kayan da aka yi wa irin wannan fenti, ko yana aiki a gareji, kuma kin ga yana ɗashewa, ko yawan ciwon ciki, ko karatunsa ya ja baya, ki kai shi asibiti ki faɗa wa likita wannan tarihin da bakinki, ki tambaya ko za a auna dalma a jininsa. Kada ki jira sai an tambaye ki.

Na ɗauko tsohon littafina na sassan jiki na ba yaron, tare da sabon littafin zane. Yaya har yanzu ba ta son ganin ƙoƙon kan, takan kawar da fuska ta ce a rufe. Amma makon jiya na tarar ta manna wani zane a jikin firij: tsohuwar keken ɗinkinta, da zare a allura, har da ɗan tsagin da ke jikin teburin. Ta ce ita ba ta ma taɓa lura da tsagin ba sai da ya zana.

Ke fa, me kika taɓa tsinta a jakar ɗanki, kuma yaya kika yi da shi?